Hannun Koci Fermin: Shafi na 23

Na ga saƙonninku. Masu cewa na cika taurin zuciya a kan mahaifina, ku karanta wannan tukuna. Masu zagin Rodel kuma, rabin zancen kuka sani.

Ga wanda yau ya shigo: ni ce Isay, 'yar Fermin Almazan, kocin ƙungiyar besbol ta garinmu, wasan jefa ƙwallo a doke ta da kulki. Ranar Lahadi majefinmu Rodel ya jefa ƙwallo ta sami Efren Salandanan, ɗan wasan ƙungiyar tsallaken gada, a bayan kunne, daidai inda hular kwano ta ƙare. Ranar Talata Efren ya cika a asibiti. Tun daga ranar Rodel yake ɓoye a gonar agwagin gwaggonsa a bakin tafki. Mu uku muka san wurin: ni, da Tatay, wato mahaifina, da Ambo mai cafke masa ƙwallo.

To, ga inda muka kwana.

*

Ranar Asabar da hantsi na sami Tatay a fili.

An dakatar da gasar. Babu wanda zai taka filin nan kafin wata guda, amma ga shi durƙushe a kan tudun jifa yana cike ramin da ƙafar majefi take haƙawa. Yumɓu a bokiti, ruwa a buta, madaɓi a hannun hagu. Na dama ba ya miƙewa. Tun kafin a haife ni ya lanƙwashe a gwiwa kamar lauje, haka yake kwana, haka yake tashi.

Ban gaishe shi ba. Na gaya masa mai gabatar da ƙara ya ce Rodel ya bayyana ranar Litinin da ƙarfe tara. Na ce Dante, yayan Efren, ya samo mutum huɗu da za su rantse sun ji Rodel da Efren suna cacar baki a dandalin faɗan zakaru sati biyu kafin wasan, har Rodel ya ce zai fasa masa kai.

Bai ɗago ba.

"Kowa yana faɗin haka a wurin zakaru. Ni kaina na gaya wa kawunki ya fi sau ashirin."

"Kawu yana nan da kansa, Tatay."

Ya ci gaba da daɓe.

Na ce lauyan da muka samo wa Rodel ya tambaye shi sau uku, ranar Talata kafin ya ɓoye, ko akwai wanda ya sa shi, sau uku yana cewa babu. Ya tambaye shi lafiyar hannunsa a ranar, ya ce ƙalau. Sai lauyan ya rufe littafinsa ya gaya mini gaskiya. Majefi ne da duk lardin nan aka san yana iya sa ƙwallo a bakin kwalba, hannunsa ƙalau, babu wanda ya sa shi, ga kuma tsohuwar gaba tsakaninsa da mamacin. Ya ce in alƙali ya ji tausayi, shekara goma sha biyu.

"Yaron kirki ne," in ji Tatay.

"Shekararsa ashirin da huɗu. Matarsa tana da cikin wata bakwai. Ka daina ce masa yaro."

Abu biyu Rodel yake rufewa. Ɗaya na Tatay ne, ɗaya nawa.

Ranar Lahadin, a zagaye na biyar, majefinsu ya daki kyaftin ɗinmu da ƙwallo a haƙarƙari. Dokar ba a rubuce take ba, amma ko mai sayar da gyaɗa a bakin fili ta santa. An daki naka, ka daki nasu. Ka zaɓi gwaninsu, ka ba shi a cinya inda nama yake. Ya yi ɗingishi zuwa tashar farko, alƙalin wasa ya ɗaga yatsa ya yi gargaɗi, magana ta mutu. Haka ake yi tun zamanin kakanninmu masu saran rake.

A zagaye na shida Efren ya ɗauki kulkinsa ya fito. Tatay ya cire hula, ya goge goshi da bayan hannu, ya dafa ƙugu. Ambo yana tsugune bayan Efren, ya gani, ya miƙa wa Rodel saƙon da babban yatsa a tsakanin cinyoyinsa. Ina zaune a benci kusa da Tatay, akwatin ƙanƙara a gabana. Babu abin da ya wuce ni.

Nawa kuma ya riga wannan da awa biyar. Da safe Rodel ya shigo ɗakin da nake yi wa 'yan wasa gashin ƙashi yana yarfe hannu. Ƙaramin yatsansa da na kusa da shi sun mutu. Na caka masa allura, ya tsaya yana kallona, bai san na caka ba. Jijiyar gwiwar hannu ce. Na je na gaya wa Tatay. Ya ce akwai wakilin wata ƙungiya daga Taiwan da ya zo musamman don ya ga Rodel, kuma irin waɗannan mutanen ba sa zuwa garinmu sau biyu. Rodel ya biyo ni har bakin famfo yana roƙona, yana ce mini Ate Isay, wato Yaya Isay, kamar ni na goya shi. Na ɗauki takardar lafiya na rubuta cewa zai iya jifa. Na sa hannu.

Shekara bakwai na yi a Winnipeg, can ƙasar waje, ina koyon gashin ƙashi da jijiya. Abin da na dawo na yi da karatun ke nan.

"Ka san hannunsa a mace yake," na ce, "ka sa shi ya auna mutum da ƙwallo."

"Cinya na ce."

"Mai yatsu uku ba ya zaɓen wuri."

Sai a nan ya ajiye madaɓin. Ya zauna daɓas a kan tudun, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ɗauka faɗa zai yi, irin wanda yake yi wa 'yan wasa har a jiyo shi daga injin suga. Bai yi ba. Ya tambaye ni ko na san abin da ya dawo da shi daga Japan.

Na ce duk garin nan wa bai sani ba. Ɗan mai saran rake da yake kakkaɓo mangwaro da dutse, aka gan shi, aka tafi da shi yana da shekara ashirin da ɗaya. Shekara huɗu a ƙaramar ƙungiya, wasa goma sha ɗaya a babba, sai gwiwar hannu ta fashe. A bangon shagon aski ma an rubuta.

"Ƙarya ce," ya ce. "Ko uwarki da ƙaryar aka binne ta."

Ya ba ni labarin idonsa a kan bokitin yumɓu. A wasa na goma sha ɗaya aka daki ɗan wasansu. Kocinsu ya ba da alama. Wanda ya fito da kulki wani dattijon ɗan wasa ne da suka taɓa zama ƙungiya ɗaya, mutumin da ya ba shi rigar sanyi a shekararsa ta farko, lokacin da yake kwana da takalmi a ƙafa. Tatay ya ga alamar, ya girgiza kai. Mai cafka ya sake bayarwa, ya sake girgizawa. Ya jefa ƙwallon can nesa da mutumin.

Babu wanda ya zage shi, ya ce. Da sun zage shi da ya fi. A mota babu wanda ya zauna kusa da shi. A wurin cin abinci ya ajiye kwanonsa, mutum shida suka ɗauki nasu suka koma wani tebur. Washegari aka mayar da shi ƙaramar ƙungiya, aka ce aikinsa ya riƙa jefa wa masu kulki ƙwallon gwaji. Jifa ɗari uku kullum. Rani da damina. Wata goma sha huɗu ya yi a haka kafin wani abu ya yi ƙara a cikin gwiwar, kamar an karya rake.

"Ba hannun ne ya kore ni ba. Sai da aka kore ni hannun ya lalace."

Ya ɗaga shi ya nuna mini, kamar yau na fara gani.

"Shi ya sa duk wanda ya bi ta hannuna, kafin in koya masa riƙe ƙwallo, sai na koya masa ba a girgiza wa alama kai. Ban so wani ya ci abinci shi kaɗai."

Na saurare shi har ƙarshe. Labari ne mai kyau. Da ina 'yar shekara sha biyar na ji shi da na yi kuka.

"Ka gama?" na ce. "Rodel bai girgiza kai ba. Kwana huɗu ke nan yana cin abinci shi kaɗai a cikin kashin agwagi."

Ya mayar da hularsa.

Na gaya masa ranar Litinin zan je da kaina in faɗi abin da na gani a hannun Rodel da abin da na rubuta. Ya ce za su karɓe mini takardar aiki, ba zan sake taɓa jikin ɗan wasa ba, nan ko waje. Na ce na sani, na riga na karanta dokar. Sai ya tambaya a hankali, shi fa.

"Naka ba zan faɗa ba. Bakinka yana aiki."

"Shekara talatin da ɗaya, Isay. Yara sun fi ɗari biyu. A watan Disamba za su sa wa filin nan sunana."

"Sai ka zaɓa."

Na juya zan tafi, sai na tuna abin da ya kawo ni na biyu. Na ce yau kwana huɗu gawar Efren tana gidan uwarsa, kuma mutane sun fara ƙirga waɗanda ba su zo ba. Shi ne ninong ɗin Efren, shi ya riƙe shi a gaban fadan coci ranar baftisma. Ubangida irin wannan ba ya aika fure ya zauna a gida.

Ya daɗe yana kallon ramin da bai gama cikewa ba. Sannan ya ce in je in goge masa farar rigarsa.

Ni na ɓalla masa maɓallin wuya. Hannun ba ya kaiwa.

*

Ƙarfe uku na rana muka isa.

Rumfar makoki ta cinye rabin titi. Maza a tebur huɗu suna karta, mata suna zagayawa da kofi da biskit, ƙasa duk ɓawon 'ya'yan kankana, don ba a shara sai an fita da gawa. Muna doso wurin surutu ya ragu.

"Ga Koci," in ji wani tsoho mai rabon karta, bai ko ɗago ba. "Mun ɗauka sai ranar arba'in."

"Ka bar shi, ƙila hanya ce ta ɓace masa. Titi uku ne tsakani."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Tatay ya wuce kamar ba da shi ake ba.

Ambo ya taso daga tebur na ƙarshe yana tangaɗi. Shekara goma sha shida yana tsugune a bayan masu kulki saboda Tatay, gwiwoyinsa sun gama aiki, yatsunsa kowanne ya kama gabansa. Tatay ne ya ciro shi daga gonar rake, kuma duk wanda ya zauna da Ambo minti biyar sai ya ji wannan. Ya kama hannun Tatay ya kai goshinsa. Warin barasa ya riga shi isowa.

"Kada ka damu, Koci," ya ce a kunnensa. "Na gyara komai."

Tatay ya ture shi gefe. Ni ma ban ba maganar muhimmanci ba. Maganar mashayi ce.

Akwatin yana tsakiyar falo, fari, da gilashi a sama. An sa wa Efren rigar ƙungiyarsa. Masu gyaran gawa sun yi ƙoƙari da hoda, amma gefen kansa na hagu ya fi na dama girma.

A kan gilashin, daidai saitin ƙirjinsa, akwai ɗan tsako. Rawaya, ƙafarsa ɗaure da zare a jikin mariƙin akwati, yana tsattsagar ɓarzajjiyar shinkafa.

Wanda ciwo ya kashe ba a sa masa tsako. Sai wanda aka kashe, aka kuma rasa mai ɗaukar alhaki. Duk tsaga ɗaya a zuciyar mai laifin take sauka, har ya gaji ya kawo kansa. A Winnipeg na taɓa ba wa abokan karatuna wannan labarin muna dariya.

Tak. Tak. Tak.

Tatay ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafarsa ta ƙi shiga.

Aling Medy, uwar Efren, ita ta taso ta jawo shi. Mace ce gajera, shekara talatin tana sayar da kifi a kasuwa, muryarta ta dishe tun ba yau ba. Ta sallami matan da suke jan carbi, ta ce su je su sha kofi. Muka rage mu uku da gawa.

"Ka zo, Pare."

"Na zo, Mare." Haka uwar yaro da ubangidansa na baftisma suke kiran juna.

"Ka rame."

Ta zaunar da shi a kujerar da take kusa da kan akwatin. Ba ta tambaye shi abin da ya hana shi zuwa ba. Ta shiga ba shi labarin Efren, kamar bai san shi ba. Yadda ya ba shi safar cafka ta farko, wadda ta fi kansa girma. Yadda yaron yake tsoron ƙwallo, da an jefo sai ya ja da baya, har Tatay ya riƙa jera kwalabe a bayan dugadugansa, in ya ture ɗaya ya zagaya fili sau biyar. Ta ce wata uku aka yi ana wannan, daga nan Efren bai sake ja da baya ba, ko da jirgin ƙasa aka jefo masa.

"Kai ka koya masa tsayawa," ta ce. "Ranar Lahadi ma ya tsaya."



Ta ce ta san ya yi fushi da Efren ya koma tsallaken gada, amma can ne suka ba shi aiki a masana'anta, kuma kofin gasa ba ya cika wa mutum ciki. Shekara biyu Tatay ba ya amsa gaisuwarsa. Duk da haka kowace Kirsimeti sai Efren ya sa ta ware kifi mafi girma a kai gidan ninong.

Mun ci kifin. Ni na soya na bara.

Ta ɗauko ƙaramin kwano ta miƙa masa.

"Abincinsa ya kusa ƙarewa. Kowa ya zo yana zuba masa. Kai ne ubangidansa, zuba."

Ya karɓa da hagu. Ya ɗebo shinkafar, rabinta ya zube a kan wandonsa kafin hannun ya kai gilashi. Tsakon ya matso ya hau ci a gefen yatsunsa.

Aling Medy ta zauna ta zuba masa ido. Sannan ta ce Dante yana son jini, kuma ba ta hana shi zuwa wurin hukuma ba, amma ita akwai abin da ya tsaya mata a wuya. Ta ce shekara ashirin tana zama a rumfar 'yan kallo, layi na uku, ba ta taɓa fashi ba. Ta san wasan nan fiye da rabin mazan da suke waje.

"Da aka daki kyaftin ɗinku na san za a rama. Har na ce wa matar da take kusa da ni, yau Efren zai sha a cinya, bari in tanadi man zafi. Wannan ba komai ba ne, Pare. Shi ma ubansa ya sha, har ya mutu da tabon."

Tak. Tak.

"Abin da na kasa ganewa, Rodel ne. Na san shi tun yana yawo da kwandon ƙwan agwagwa. Mutumin da ba ya kuskuren faɗin tafin hannu, yaya aka yi cinya ta zama kai? Ko dai ya yi niyya, kamar yadda Dante yake faɗa, ko kuwa akwai abin da ban sani ba."

Ta juyo gare ni.

Ta ce ta ga Rodel yana yarfe hannu tun zagaye na biyu. Ta ga yana hura wa yatsunsa iska, a cikin wannan zafin. Ta ga ƙwallo biyu sun daki ƙasa kafin su isa wurin Ambo, abin da ba ta taɓa gani daga gare shi ba.

"Isay, ke kike duba hannayensu. Ke aka tura ƙasar waje. Ki gaya mini a gaban ɗana. Hannunsa lafiya yake ranar?"

Na yi shirin Litinin. Na tsara maganata, har na rubuta a takarda, da sunan jijiyar da komai. Ban yi shirin wannan matar ba.

Na ji idon Tatay a gefen fuskata. Ban kalle shi ba.

"Ba lafiya yake ba, Aling Medy. Yatsunsa biyu a mace suke tun safe. Na caka masa allura bai ji ba. Bai kamata ya riƙe ƙwallo ba, balle ya jefa. Ni na rubuta cewa zai iya. Sa hannuna yana kan takardar."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyaɗa kai sau biyu, kamar an gaya mata farashin da ta riga ta zata.

"Don me?"

"An roƙe ni, na yarda. Babu wani dalili mai kyau."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta mayar da idonta kan Tatay. Duk garin nan an san ko ruwa ɗan wasa ba ya sha a filin sai da izininsa.

"Pare. Ka sani?"

A waje wani ya ci karta, aka yi shewa, wani ya ce a rage murya. Fanka tana juyawa. Tsakon ya gama da shinkafar gefe ɗaya, ya taka gilashin ya koma saitin fuskar Efren.

Na ƙirga tsaga goma sha tara.

"Na sani, Mare."

"Alamar fa?"

Ya kalli ƙofa. Na san abin da yake gani a wajen: tebur huɗu na maza, rabinsu ta hannunsa suka bi.

"Ni na bayar. Rodel bai yi niyyar komai ba. Abin da na koya masa ya yi."

Aling Medy ta miƙe. Ta zo gabansa, ta zare kwanon shinkafar daga hannunsa a hankali, ta goge bakin kwanon da gefen zanenta, ta ajiye can nesa da shi.

"Kada ka sake ce mini Mare," ta ce. "Kuma ba ni za ka gaya wa ba. Dante za ka gaya wa, da bakinka, yanzu. Litinin kuma ka maimaita."

Ta leƙa ƙofa ta ƙwala wa Dante kira. Ba a amsa ba. Ta sake kira. Wata mata mai rabon kofi ta ce ai Dante ya fita tun ɗazu a babur ɗinsa mai ƙafa uku, shi da 'ya'yan baffansa biyu. Ta ɗauka ƙanƙara suka je saye.

"Ba ƙanƙara ba ce."

Ambo ne. Yana jingine da ƙyauren ƙofa, kofin roba a hannunsa. Bai ji abin da aka faɗa a ɗakin ba, don murmushi yake yi wa Tatay, irin na wanda yake jiran a yaba masa.

Ya matso ya rage murya, a zatonsa Aling Medy ba ta ji. Ya ce shi ya gaya musu inda Rodel yake. Ya yi lissafi, ya ce. In suka ɗan taɓa shi, zai tsorata ya tsallaka teku wurin dangin matarsa, ba zai je ko'ina ranar Litinin ba. In babu Rodel, babu tambaya. In babu tambaya, babu mai taɓa Koci.

"Tsorata shi kawai za su yi. Na ce musu kada su wuce haka."

"Ambo," in ji Tatay. "Wa ya sa ka?"

Murmushin ya fara gushewa.

"Ba sai an sa ni ba, Koci. Shekara sha shida. Ina gane abin da kake so kafin ka cire hula."

Na tambaye shi tun yaushe suka tafi. Ya ce muna shigowa titin suna fita ta ɗaya bakin. Na duba agogo. Minti ashirin da biyar. Daga nan zuwa gonar agwagi rabin awa ne a babur, in ba a rufe hanyar jirgi ba.

Aling Medy ta juya. Ta wuce bayan ƙofar ɗakin Efren, ta jawo doguwar jakarsa ta wasa, ta ɗaga da hannu ɗaya. Jakar ta lanƙwashe. Kulake uku yake ajiyewa a ciki, yanzu babu ko ɗaya.

Na kira lambar Rodel. A kashe. Ni na ce masa ya cire layin ranar Laraba, kada a bi sawunsa. Gwaggonsa ba ta riƙe waya, ta ce tana sa agwagi daina ƙwai.

"Ba ni lambar Dante," in ji Tatay. "Zai tsaya in ya ji daga bakina. Ni yake nema, bai sani ba ne."

Aling Medy ta danna lambar da kanta, ta miƙa masa wayar ba tare da ta kalle shi ba. Ya kai ta kunne da hannun hagu. Ɗakin ya yi tsit har ina jin ƙarar shigar kiran daga inda nake tsaye.

A waje, a kan teburin karta, wayar Dante ta fara ruri.